Kirfa ta ƙi sauka a gida: mu saya a Riyad mu aika zango, ko mu dakata?

Wannan saƙo ne daga 'ya'yanku mazauna unguwar Jaradiya a birnin Riyad.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan mun sauko daga masallaci mun yi zaman da muka saba, sai wani ɗan'uwa ya kunna mana saƙon murya da mahaifiyarsa ta aiko daga Nima. Hajiya tana sayar da kayan yaji a bakin kasuwa: citta, kanumfari, masoro, kimba da kirfa. Kukanta shi ne dala ta sauka, kowa ya ji a rediyo, amma kirfa ta ƙi sauka a hannun masu sari. Ta ce tunda ga shi a ƙasar Larabawa, inda kirfa take kamar ƙasa, me zai hana ya riƙa aiko mata?

Nan take magana ta girma. Wasu suka ce mu ɗebi kuɗin adashinmu na wata uku, mu shiga kasuwar Batha mu sayi buhuna, mu raba wa masu komawa daga Umara kafin azumi, lokacin da shayi, sobolo da lamurje suke cin kayan ƙamshi. Wasu suka ce a bi a hankali. Kuɗin nan gumi ne. Cikinmu akwai direbobi, masu gadi, masu shara da masu ɗaukar kaya a rumbunan ajiya, kuma kowane riyal akwai mai jiransa a Aboabo, Mamobi, Sabon Zango ko Tamale. Sai muka ɗage shawara, muka ce a je a bincika tukuna. Ga abin da muka samo, mun kawo shi gabanku domin ku ma ku sa baki.

Saudiyya ba ta noman kirfa

Abu na farko da ya kamata mu gane: babu gonar kirfa a nan. Itace ne mai son ruwan sama da laima, ba na hamada ba. Duk sandar kirfa da ake jefawa a tukunyar kabsa ko a tafasa a lokacin sanyi, jirgin ruwa ne ya kawo ta, ta tashar Jidda ko ta Dammam, wani lokaci ma sai ta biya ta Dubai. Daga tasha ta hau mota ko jirgin ƙasa zuwa Riyad, ta shiga hannun babban ɗan kasuwa, sannan mai shago. Kowane ɗayansu ya ɗora nasa. A kan wannan kuma akwai harajin VAT, wanda Saudiyya ta fara da kashi 5 cikin 100 a 2018, ta mayar da shi kashi 15 a watan Yulin 2020.

Ba laifin Hajiya ba ne da ta ɗauka kirfa ta Larabawa ce. Sunan ma daga bakinsu muka aro shi. Shekaru aru-aru fataken Larabawa ne suke kai ta Masar da Turai, suna ɓoye inda take fitowa don kada a tsallake su. Su 'yan tsakiya ne, mu kuma idan muka saya a Batha mun zama 'yan tsakiyan 'yan tsakiya.

Kirfa iri biyu ce

Abu na biyu: abin da muke kira kirfa ba iri ɗaya ba ne. Akwai kirfa ta ainihi, wadda ake kira ta Silon, tsohon sunan ƙasar Siri Lanka. Akwai kuma 'yar'uwarta kasiya, wadda ake nomawa a kudancin Sin, da Biyetnam, da tsibirin Sumatra na Indonesiya. Waɗannan ƙasashe huɗu su ne suke samar da kusan duk kirfar duniya. Idan aka haɗa nau'ukan duka, rabon Siri Lanka bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 ba, amma a kirfa ta ainihi ita ke riƙe da kashi 80 zuwa 90 cikin 100.

Ido ma yana iya raba su. Ta Silon siririya ce, launinta ya yi haske, an naɗe ɓawo a cikin ɓawo da yawa kamar tabarma, kuma da ka murza ta da yatsa sai ta ruguje. Ƙamshinta a hankali yake. Kasiya ɓawo ɗaya ce mai kauri, ja-ja mai duhu, tana da tauri har sai an sa turmi, ga yaji a harshe. Yawancin abin da muke gani jibge a buhuna a Batha, da wanda ake ƙullawa a leda a Nima da Kejetia, kasiya ce. A kasuwar duniya kilo ɗaya na ta Silon yakan ninka kuɗin kasiya sau biyu, uku ko fiye. Saboda haka wanda ya ce maka ga kirfa mai araha, fara tambayarsa wace ce. Araha ba ta ado.

Ƙaramar ƙasa mai babbar kirfa

Siri Lanka tsibiri ne a kudu da Indiya, mutanenta kimanin miliyan 22, ba su kai mu na Gana yawa ba. Saboda kirfa Turawa suka yi ta karɓe ta hannu zuwa hannu: 'yan Fotugal tun farkon shekarun 1500, 'yan Holan suka kore su gaba ɗaya a 1658, Ingila ta karɓa a 1796. Yau ƙasar tana fitar da kusan tan dubu 20 a shekara, tana samun sama da dala miliyan 200. Wato kowane kilo yana barin tashar Kolombo a kan fiye da dala 10. Babbar mai sayenta ita ce Meziko, sai Amurka da wasu ƙasashen Kudancin Amurka irin su Peru. Mu Afirka ta Yamma ba ma cikin manyan masu saye, don haka ba mu da baki a wurin yanke farashi.

Abin da ya sa take da tsada shi ne aikin hannu. A yankunan kudu irin su Galle da Matara ake sare rassan a lokacin damina, sa'ad da ɓawo yake saurin rabuwa da itace. Mai fiɗa zai kankare bayan, ya goga da sandar tagulla, ya tsaga, ya zare ɓawon ciki ba tare da ya yage ba, ya naɗe ɗaya cikin ɗaya har sandar ta kai inci 42, sannan a shanya a inuwa. Mafi siranta, wadda suke kira Alba, ita ce mafi tsada. Bisa al'adarsu mai fiɗa yakan ɗauki sulusi ko ma rabin kuɗin da aka sayar. Duk da haka matasansu suna gudun sana'ar, da yawa sun fito ƙasashen Larabawa neman aiki kamar yadda muka fito. Wasunmu ma da 'yan Siri Lanka suke aiki a wuri ɗaya. Idan masu fiɗa suka yi ƙaranci, kuɗin aiki ya hau, kirfa ta bi shi.

Labarin tattalin arzikinsu kuma zai yi muku kama da wanda kuka sani. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, amfanin gona ya faɗi, kafin ƙarshen shekarar ta janye dokar. A Afrilun 2022 ƙasar ta dakatar da biyan bashin waje. Kuɗinsu, rufi, ya tashi daga kusan 200 a dala ɗaya zuwa kusan 360 cikin 'yan watanni. Hauhawar farashi ta kusa kai kashi 70 cikin 100, mutane suka kwana a layin mai, shugaban ya gudu daga ƙasar a watan Yuli. A Maris 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya amince musu da rancen kusan dala biliyan 3. Mu ma a Disambar 2022 Gana ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, hauhawar farashi ta haura kashi 54, kuma a Mayun 2023 IMF ta amince mana da dala biliyan 3. Mai sayarwa da mai saye duk ciwo ɗaya ya kama su.

Bambancin shi ne su suna sayar da kirfa da dala, mu muna sayen ta da dala. Da rufi ya faɗi, mai fitar da kirfa ya karɓi rufi mai yawa, ko da yake taki, mai da abinci sun cinye masa kaso babba. Da sidi ya faɗi, Hajiya ba ta sami komai ba sai ƙarin kuɗin sari.

Daga jirgi zuwa ƙullin leda

Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka ce farashin fitarwa, ana nufin kuɗin kaya a lokacin da aka ɗora shi a jirgi a ƙasar da ta noma. Farashin shigarwa kuwa shi ne wancan kuɗin haɗe da kuɗin jirgi da inshora har zuwa tasharmu ta Tema. A kan wannan na biyun kwastam suke lissafin kuɗin fito, bayan sun juya dala zuwa sidi. Sai VAT, da harajin inshorar lafiya, da na asusun ilimi na GETFund, da na ECOWAS, da kuɗin tasha, da ladan ejan mai fitar da kaya, da motar da za ta kai Akra ko Kumasi. Kafin kirfa ta isa tiren Hajiya ta ratsa hannu huɗu ko biyar.

Kuɗin jirgi ma bai zauna wuri ɗaya ba. Tun Nuwambar 2023, da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jiragen kasuwanci hari a Bahar Maliya, manyan kamfanoni suka karkata suna zagaya Afirka ta kudu. Tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye, kwantenoni suka daɗe a ruwa, kuɗin haya ya hau har a hanyoyin da ba su ratsa can ba.

Sai maganar sidi. A farkon 2022 dala ɗaya tana kusan sidi 6. A ƙarshen 2024 ta kai wajen 16. A tsakiyar 2025 sidi ya farfaɗo, dala ta dawo 10 da ɗoriya, kuma a watan Satumba hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10. To me ya sa kirfa ba ta sauka ba? Na ɗaya, saukar hauhawar farashi ba ta nufin kaya sun yi araha, tana nufin tsadar ta rage gudu ne kawai. Na biyu, kirfa ba tumatir ba ce. Busasshen kaya ce mai daɗewa, kwantena ɗaya yakan ɗauki watanni ana sayarwa, kuma wanda ya shigo da nasa lokacin da dala take 15 ba zai so ya sayar kamar ya saya a 10 ba. Na uku, ɗan kasuwan da ya ga abin da sidi ya yi a 2022 yana tsoron ya rage yau, gobe ya kasa sake sari.

Mu yi lissafi

Dole mu faɗi gaskiya kan abin da ya sa shawarar ta yi mana daɗi a kunne. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, tun 1986. Wanda yake aika riyal 1,000 gida, lokacin da dala take sidi 15.5 iyalinsa suna karɓar kimanin sidi 4,100. Da ta dawo 10.5 sai ya zama kimanin 2,800. Albashi bai canza ba, amma abin da yake isa gida ya ragu da kusan sulusi, kuɗin makaranta da na haya kuwa ba su ragu ba. Shi ya sa kowa yake neman wata ƙofa.

Ga misali, kuma lambobin na misali ne kawai domin a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce mun sayi kilo a riyal 30. A ciki kusan riyal 4 haraji ne da muka bar wa Saudiyya. A ce kai shi gida ya ci riyal 15. Ya zama riyal 45, wato dala 12, wato sidi 126 idan dala tana 10.5. A ce an sayar a sidi 150. Riba sidi 24 ke nan a kilo, sidi 2,400 a kilo 100. Ba laifi. Amma a ce kafin a gama sayarwa a tattara kuɗin, dala ta koma sidi 13. Sidi 150 ɗin nan ya zama dala 11 da rabi, ƙasa da abin da muka kashe. Uwar kuɗi ma ta taɓu, ba a zo maganar bashi ba, alhali duk mun san yadda ciniki yake a zango: ɗauki, in an yi salla na biya.

Ko sidi bai motsa ba akwai wani haɗarin. Ratar da muke hange tsakanin farashin Batha da na Nima ba mu kaɗai muka gan ta ba. Babban ɗan kasuwa mai sayen kwantena kai tsaye daga Biyetnam ko Indonesiya, ba VAT ɗin Saudiyya, ba ribar mai shagon Riyad, ba kuɗin jirgin sama, ranar da sabon kayansa ya sauka a Tema farashi zai karye, namu ya kwana a hannun iyayenmu. Sannan kilo 100 ya fi jaka huɗu masu kilo 23. Wane mai Umara ne zai bar dabino da tsarabar jikokinsa ya ɗauko mana buhu? Kuma kayan da suka kai yawan na sayarwa, kwastam a filin jirgin Akra suna da haƙƙin karɓar fito a kansu.

Doka da lafiya

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. Mu baƙi ne a nan, kowa da aikin da aka rubuta a iƙamarsa. Baƙo ya shiga kasuwanci ba lasisi, ko ya fake da sunan ɗan ƙasa, laifi ne da suke kira tasattur. Dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, ga kora daga ƙasa. Sayen tsaraba ba laifi ba ne. Amma tara kuɗin mutum ashirin, ana ajiye buhuna a ɗakin haya ana aikawa a kai a kai, wannan ya fara kama da abin da zai jawo tambaya.

Ga iyayenmu kuma muna da roƙo. Mun san da yawa suna jiƙa kirfa suna sha kullum saboda ciwon suga ko hawan jini. Kasiya tana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin, wanda yawansa yake iya taɓa hanta, ta Silon kuwa kaɗan ne ƙwarai a cikinta. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyaka ga abin da mutum zai ci na wannan sinadari a rana, kuma mai shan cokalin garin kasiya kullum yana iya wuce ta. Ɗan abin da ake sa wa a shayi ko shinkafa ba shi ne abin tsoro ba. Amma kirfa ba ta maye gurbin maganin asibiti, kuma mai ciwon hanta ko mai shan magani kullum ya tambayi likita tukuna.

Ku kuma fifita sanda a kan gari. A 2023 ɗaruruwan yara a Amurka sun kamu da gubar dalma daga wani abincin yara da aka sa wa garin kirfa a ƙasar Ekwado. Hukumomin can sun ce sandunan da aka shigo da su daga Siri Lanka ba su da gubar, a wurin niƙa ake zargin an gurɓata ta. Sanda kana ganin abin da ka saya. Gari sai dai ka yarda da mai niƙa.

Matsayarmu

Bayan duk wannan, ga abin da muka tsayar a matsayin matasan zango na Jaradiya. Ba za mu taɓa kuɗin adashi don sayen kirfa ba. Wanda yake son aika wa mahaifiyarsa kilo biyu ko uku daga aljihunsa, a matsayin tsaraba ko ɗan ƙarin jari, Allah ya sa albarka, amma ya san wace iri ya saya, ya faɗa mata gaskiyar sunanta, kada a sayar wa mutane kasiya da kuɗin Silon.

Idan ana son a taimaki iyayenmu mata masu kayan yaji, hanyar tana gida. Su goma ko ashirin su haɗa kuɗi su sari buhu kai tsaye daga mai shigo da kaya, maimakon kowace ta je ita kaɗai ta sayi mudu a hannu na huɗu. Mu nan za mu iya sa hannu a wannan jarin ta hanyar aika kuɗi ta halal. Muna roƙon sarakunan zango, limamai da shugabannin mata su duba wannan. Matasanmu da suka yi karatun kasuwanci a sakandare kuma ga aiki: ku riƙa rubuta farashin citta, kanumfari, masoro da kirfa a kasuwanninku kowane mako, a sa a wannan shafi, domin mai sari a Kumasi ta san abin da ake ciki a Akra.

Akwai kuma darasin da muka ɗauka daga Siri Lanka. A Fabrairun 2022, ana tsakiyar wahala, ta samu Tarayyar Turai ta yi wa sunan kirfar Silon rajista, ta yadda ba wanda zai sayar da wata da wannan suna a can. Sun kare abin da ƙasarsu take fitarwa. Mu ma muna da namu: man kaɗe, goro, citta, kimba, zoɓorodo. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sun yi arziki ne saboda sun san inda goro yake fitowa da inda ake nemansa. Da hanya ta canza bayan Ingila ta ci Asante a 1874, Salaga ta fara ja baya, yaƙin basasar 1892 ya watsa fatake, suka bazu suka raya zangunan da aka haife mu a ciki. Ba su tsaya jiran tsohuwar kasuwa ba. Ya kamata mu zauna mu duba wane kayan namu ne ake nema a waje, kuma wace hanya doka ta yarda a bi da shi.

Za mu sake zama Juma'a mai zuwa bayan salla. Duk dattijo ko ɗan kasuwa da ya ga mun yi kuskure a lissafi, ya gyara mana, yara ne mu, koyo muke. Allah ya sa albarka a neman kowa, ya kai mu azumi lafiya, ya mayar da mu gida da alheri. Wassalamu alaikum.